Kutsen Kwamfuta Na Halal: Mu Bar Yaranmu Su Koya, Amma Bisa Sharaɗi

 Yau muna so mu tattauna ne a kan wata magana da ta fara yawo a gidajenmu da rumfunanmu, wadda galibi takan ƙare da faɗa tsakanin uba da ɗa. Yaro ya gama lakwal ko sakandare, ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce yana son a saya masa kwamfuta domin ya koyi kutse. Da jin wannan kalma sai ran Alhaji ya ɓaci, ya ce ashe sata kake son koya, ya kore shi zuwa shago. Mu a namu ra'ayin, fushin Alhaji yana da dalili, amma korar yaron kuskure ne, kuma kuskuren da zai iya komawa kan dukiyar shi Alhajin kansa.

Bari mu soma da duba yadda kasuwarmu ta sauya. Shekarun baya ɗan kasuwa yakan ɗaura kuɗinsa a ƙugu ko ya cusa cikin buhun hatsi ya tsallaka iyaka, abin tsoronsa ɗan fashi ne a hanya. Yau ciniki ya koma cikin waya. Da WhatsApp ake turo hoton kaya, da shi ake yin farashi, sannan a biya ta banki ko ta kamfanonin aika kuɗi ko wajen mai POS. Rufe iyaka da Najeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, duk sun ƙara tura mu ga cinikin waya ko muna so ko ba mu so. To ɓarawo ma ya biyo mu can. Babu ɗan kasuwar da bai ji labarin wanda aka turo wa alat na bogi ya saki kaya ba, ko wanda aka kira da muryar ma'aikacin banki aka karɓe lambar sirrinsa, ko wanda aka ƙwace masa WhatsApp don kawai ya karanta wa wani lambobi shida da suka shigo wayarsa, daga nan aka shiga roƙon abokan cinikinsa kuɗi da sunansa. Asarar kuɗi ana iya mayar da ita. Amana da mutum ya kwashe shekara ashirin yana ginawa a kasuwa kuwa, idan ta zube, kwashe ta da wuya.

Kada kuma mu ɗauka abin ya tsaya kan ƙananan ƴan damfara. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin tsaro na Group-IB ya fitar da rahoto kan wani gungun ɓarayi masu magana da Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 sun kai hari sama da 30 kan bankuna da kamfanonin waya, suka sace aƙalla dala miliyan 11, kuma Nijar da Najeriya da Benin da Burkina Faso da Mali suna cikin ƙasashen da abin ya shafa. Yadda suke yi abin lura ne. Sukan aika wa ma'aikaci wasiƙar imel mai kama da ta ofishin haraji ko ta neman aiki, da ya buɗe sai su samu shiga. Daga nan su yi lamo cikin kwamfutocin bankin wata da watanni suna nazarin yadda ake juya kuɗi, sai ranar hutu ko ƙarshen mako su kwashe. Sai a 2023 ne ƴan sandan duniya na Interpol suka sanar da kama wani da ake zargin jigo ne a cikinsu a ƙasar Kodebuwa. Waɗannan bankuna su ne inda muke ajiya. Idan babu ƴaƴan ƙasa masu ilimin gano irin wannan ɓarna tun kafin ta auku, wa zai tsare mana?

A nan ne maganar kutse na halal ta shigo. Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Alhaji ya gina sabuwar mangaza zai zuba shinkafa ta miliyoyi. Mai hankali yakan kira maƙerin makulli amintacce ya ce masa, zo ka gwada waɗannan kwaɗuna da ƙofofi da tagogi, ka yi kamar kai ne ɓarawo, ka faɗa mini ta inda za a iya shiga. Maƙerin ya zagaya, ya gano tagar baya ba ta da ƙarfe, ya nuna kwaɗon da ƙusa ke buɗewa, a gyara, a biya shi ladansa. Ilimin da ke hannun wannan maƙeri shi ne ke hannun ɓarawo, abin da ya raba su abu uku ne: mai gida ne ya kira shi, bai taɓa ko ƙwayar shinkafa ba, kuma abin da ya gani bai faɗa wa kowa ba sai mai gida. Wannan shi ne aikin mai kutse na halal a duniyar kwamfuta, wanda Turawa ke yi wa kirari da mai farar hula. Bankuna da kamfanoni da gwamnatoci suna ɗaukar irin waɗannan mutane aiki. Hatta ma'aikatar tsaron Amurka, a 2016, ta gayyaci masu wannan ilimi su gwada wasu shafukanta na intanet, suka gano ɓaraka 138 da aka tabbatar, aka biya su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, aikinsu shi ne su riga ƙadangaren ganin tsagar.

To yaron da yake son wannan sana'a, ta ina zai fara? Amsarmu ita ce ya fara kamar yadda yaron shago yake farawa. Babu wanda ake ba makullin sito ranar da aka kawo shi. Shara zai fara yi, ya koyi sunayen kaya, ya koyi awo da lissafi, ya san abokan ciniki, sai bayan shekaru ubangida ya sallame shi da jari. Babbar cutar masu farawa ita ce gaggawa. Yaro ya kalli bidiyo biyu, ya sauke wata manhaja, ya ɗauka gobe zai buɗe Facebook ɗin wani. Wannan hanya ba ta kai kowa ko'ina sai ofishin ƴan sanda, kuma sau da yawa manhajar da ya sauke ita ce tarkon da za a sace nasa bayanan.

Mataki na farko shi ne ya san kwamfutar kanta, yadda take ajiye bayanai da yadda take ba kowane mai amfani iyakarsa. Ya koyi Windows da kyau, sannan ya koyi Linux, wanda kyauta ne kuma shi ne ke tafiyar da akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet. Ya saba da ba kwamfuta umarni ta hanyar rubutu maimakon danna hotuna.

Mataki na biyu shi ne ilimin yadda kwamfutoci ke magana da juna. Ɗan kasuwa zai fahimci wannan da sauri, domin tamkar safarar kaya ce. Saƙo idan zai tashi daga Damagaram zuwa Kano ta intanet, ana yanka shi ƙananan ƙunshi, kowane da adireshin inda ya fito da inda za shi, ya bi ta tasha-tasha har ya isa a sake haɗa shi. Kowace kwamfuta kuma tana da ƙofofi masu lamba har 65,535, kowace hidima da tata ƙofar, misali shafukan intanet suna amfani da ta 80 da ta 443. Wanda bai san wannan ba, ko an ba shi kayan aiki mafi tsada, makaho ne da madubi. Darussan Cisco Networking Academy suna koyar da wannan fanni, kuma akwai na masu farawa da ba a biyan ko dala.

Mataki na uku shi ne ya koyi rubuta ƴar manhaja da kansa. Harshen Python ya fi sauƙi ga mai farawa. Ya haɗa da sanin yadda ake gina shafin intanet da yadda ake tambayar rumbun bayanai, domin ta nan ne ɓaraka ta fi yawa. Akwai wata ƙungiya mai suna OWASP da take fitar da jerin manyan raunuka goma na shafukan intanet tun 2003, ana sabunta shi lokaci-lokaci. Wannan jeri ya kamata ɗalibi ya san shi kamar yadda ɗan canji ya san farashin sefa da naira na ranar.

Sai a mataki na huɗu ne zai taɓa kayan aikin da yake ta ɗoki. Akwai Kali Linux da aka fitar a 2013, wanda ya tattara ɗaruruwan kayan gwaji wuri guda. Akwai Nmap, tun 1997 yake aiki, shi ke zagaya kwamfuta ya faɗi ƙofofin da ke buɗe. Akwai Wireshark mai nuna ƙunshin saƙonni yayin da suke wucewa. Duka kyauta ne. Tambayar ita ce a kan wa zai gwada su? A kan kayansa kaɗai. Da manhajar VirtualBox yana iya kafa kwamfutoci biyu ko uku na gwaji cikin kwamfutarsa ɗaya, ya sa wadda aka gina da rauni da gangan kamar Metasploitable, ya yi ta fasa ta yana gyarawa har ya gaji. Akwai kuma filayen atisaye da masu su suka buɗe don a gwada ƙwanji bisa izini, irin su TryHackMe da Hack The Box da OverTheWire da picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon. Ga yaranmu da suka yi karatun Faransanci akwai Root-Me. Sai dai mu faɗa musu gaskiya, akasarin wannan ilimi da Ingilishi yake, don haka yaron Maraɗi ko Tawa da ke son nisa dole ya ɗaure ya koyi Ingilishi. Mu da muke bakin iyaka wannan ba baƙon abu ba ne gare mu.

Game da kuɗi, abin bai kai yadda ake tsoro ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai ƙwaƙwalwar giga 8 ta isa farawa. Abin da zai fi ci shi ne kuɗin data da wutar caji, sai kuma haƙuri. Awa biyu kullum na tsawon shekara ya fi kwana bakwai ba barci sannan a watsar. Idan ya yi ƙwari sai ya nemi takardar shaida da kamfanoni suka sani, kamar Security+ ko CEH, daga baya OSCP wadda jarrabawarta ta aiki ce ta kusan awa 24 a zaune. Waɗannan da dala ake biyansu kuma suna da tsada, shi ya sa muke ba iyaye shawara kada su biya kuɗin jarrabawa sai sun ga yaro ya shekara yana atisaye na kyauta bai gaji ba. Haka kuma a yi hattara da masu tallar za su mayar da yaro gwani cikin mako biyu. Wanda ya ce zai koya maka satar kuɗin wani, da naka zai fara.

Yanzu ga sharaɗin da muka ambata a kan wannan rubutu, wanda ya fi duk matakan nan nauyi, wato izini. Ba izinin baki ba, izini a rubuce, da sa hannun mai abu, da bayanin abin da aka yarda a taɓa da wanda ba a yarda ba, da ranar farawa da ta gamawa. Addininmu ya riga kowace doka a nan. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba tare da neman izini ba, Suratul Hujurat kuma ta hana binciken asirin mutane. Wayar mutum a yau ta fi ɗakinsa tara asirinsa. Saboda haka leƙa wayar aboki don wasa, ko ta budurwa don kishi, ko shiga intanet ɗin maƙwabci don kawai a gwada, duk haramun ne kuma laifi ne. A Nijar akwai doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 da ke hukunta laifukan intanet, ga kuma dokar kare bayanan mutane. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2014, ta fara aiki a 2023. Tsallaka iyaka ma ya daina zama mafaka. A samamen da Interpol da Afripol suka yi a ƙasashen Afirka 19 cikin Satumba da Oktoba na 2024, an kama mutum 1,006.

Don a ga yadda maganar izini take da tsauri, a watan Satumba na 2019 a jihar Iowa ta Amurka an kama ma'aikatan wani kamfanin tsaro su biyu cikin ginin kotu da dare. Hukumar kotunan jihar ce ta ɗauke su su gwada tsaron gine-ginenta, takardar na hannunsu, amma hukumar gundumar ta ce ginin nata ne kuma ba a tambaye ta ba. Sun kwana a tsare, kuma sai a Janairun 2020 aka janye tuhumar. Idan masu takarda sun sha haka, ina ga yaron da ya shiga don ganin dama?

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Za su ce wanda ya iya buɗe kwaɗo wata rana zai ga sito ba kowa, shaiɗan ya raya masa. Za su kawo misalin ƴan Yahoo da suka ɓata sunan matasa. Gaskiya ne haɗarin yana nan. Amma mu duba ƙarshen masu bin waccan hanya. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya cika duniya da hotunan motoci da agoguna, aka kama shi a Dubai a watan Yuni na 2020, kotun Amurka ta ɗaure shi sama da shekara 11 a Nuwamban 2022. Kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Akwai kuma labarin da ya kamata kowane ɗalibi ya ji tun ranar farko. A ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, wanda ya koyar da kansa a ɗakinsa, shi ya gano makunnin kashe ta, ya dakatar da yaɗuwarta da kuɗin da bai kai dala 11 ba. Duniya ta yi ta yaba masa. Wata uku bayan haka aka kama shi a Las Vegas saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya taimaka aka rubuta shekarun baya yana ƙuruciya. Ya amsa laifinsa a 2019, alƙali ya duba alherin da ya yi ya sassauta masa. Darasi biyu ke nan cikin mutum ɗaya. Yaro daga ɗakinsa yana iya ceton dubban mutane, kuma ɓarnar ƙuruciya a intanet ba ta gogewa, tana nan tana jiran mai ita.

Abin da muke so iyaye su gane shi ne hani ba ya hana koyo. Yaron da aka kora yana da waya a aljihu, zai koya a ɓoye, kuma malaman ɓoye su ne ƴan damfara. Wanda aka saya wa kwamfuta a sarari, aka ajiye ta a falo ko a shago, aka haɗa shi da malami na gari, ake tambayarsa me ya koya yau, shi ne ya fi kusa da tsira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Alamomin lalacewa kuma ba ɓoyayyu ba ne: kuɗin da ba a san tushensu ba, layukan waya barkatai, asusun banki da sunayen mutane daban-daban, da abokan da ba a san sana'arsu ba. Duk uban da ya ga haka ya tsaya ya bincika, kada daɗin kyautar da yaro ya kawo ya rufe masa baki.

Amfanin farko ma a rumfarmu za mu gan shi tun kafin yaro ya samu aikin banki. Shi zai sa wa WhatsApp ɗin mahaifinsa lambar tsaro ta biyu. Shi zai hana a saki kaya sai an buɗe asusu an ga kuɗi sun zauna, ba a dogara da saƙon alat ko hoton rasit ba. Shi zai raba lambar sirrin banki da shekarar haihuwa, ya hana a karanta wa kowa lambar da ta shigo waya ko da ya rantse daga banki yake. Kevin Mitnick, wanda ya yi shekara biyar a kurkukun Amurka kan kutse kafin ya tuba ya zama mai ba kamfanoni shawara har rasuwarsa a 2023, ya fi shahara ne da yaudarar mutane ta waya su ba shi sirri da bakinsu. Har gobe ta nan aka fi cin mu, don haka yaron da ya iya wayar da kan layinsu a kasuwa ya riga ya fara aikin tsaro.

Daga ƙarshe muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa na kowane ɓangaren iyaka da su ware wani abu daga kuɗin ƙungiya, su ɗauki nauyin yara biyu ko uku masu hazaƙa da tarbiyya, maza da mata, bisa alkawarin za su dawo su yi wa kasuwa hidima. Muna kira ga jami'o'inmu, irin su Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da André Salifou ta Damagaram da Abdou Moumouni ta Yamai, da su buɗe gajerun darussa na yamma da ɗan kasuwa zai iya biya wa ɗansa. Muna kira ga bankuna da kamfanonin aika kuɗi da su buɗe ƙofar da yaron da ya ga rauni a tsarinsu zai kawo rahoto ba tare da tsoron a kama shi ba. Malamanmu kuma su sa maganar amanar waya cikin wa'azi, domin yaranmu sun fi jin ta daga bakinsu.

Ku kuma matasa, ku riƙe abu ɗaya: abin da ba naku ba, kuma ba a ba ku izini a rubuce ba, kada ku taɓa, ko da ƙofar a buɗe take. Ku kuma iyaye, idan yaro ya zo da wannan magana, ku zaunar da shi ku ji ta bakinsa kafin ku yanke hukunci. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya shirya mana zuriya, ya ba mu ciniki mai albarka. Amin.